Shekarar da Kogin Walma Ya Ƙafe da Damina

A zamanin da garuruwan gabas da yammacin Kogin Walma ke kai gaisuwa Birnin Garzau, an yi wata damina da ta hana kowa sukuni. Ruwa na zuba kusan kullum, katangu na jiƙewa suna faɗuwa, amma kogin da ya kamata ya cika ya batse sai ya fara janyewa. Kafin dawa ta kai gwiwa Walma ya ƙafe ƙaf, har mata na kwasar kifi a cikin laka da ƙwarya. Ana cikin wannan al'ajabi 'yan leƙen asiri suka iso da labarin cewa Sarkin Mazaura ya fito da rundunarsa, Garzau ya nufo.

Fada ta ɗauki ƙafewar kogin a matsayin bushara, kuma tana da dalili. A waƙar tarihi da Sankira, shugaban maroƙan fada, ke rerawa duk shekara, an ce kogi ya ƙafe wa Garzo, kakan sarakuna, a tsakiyar damina, ya dafa wani baƙin dutse ya jira abokan gaba, ya hallaka su duka a Kwarin Walma. Tun daga lokacin ya zama doka: duk Sarkin Garzau da aka kawo wa yaƙi, a gindin wannan dutse da ke tsakiyar kwarin zai kafa tutarsa, kuma ba zai gusa ba sai an yi nasara. Sarkin da ya gusa, gudu ya yi, sarauta ta haramta gare shi.

Mutum ɗaya ne a birnin bai yi murna ba, ita ce Malama Tsahara.

Jikar tsohon mai riƙe da tarihin fada ce. A hannun kakanta ta haddace sunayen sarakuna da yaƙoƙinsu da shekarun yunwa, amma ba ta tsaya nan ba. Duk inda aka haƙa sabuwar rijiya sai ta sa a zura ta a cikin kwando, ta duba yadda ƙasa ta jeru hawa-hawa: jar ƙasa, marmara, yumɓu, wani wurin toka. Takan gwada abin da ta gani da abin da ta haddace. Ita ce ta nuna wa mutane baƙin layin toka da ke ƙarƙashin unguwar maƙera, ta ce wannan ce gobarar da waƙa ta ambata a zamanin sarki na biyu. Malaman birni suna kiranta mai karatun tsakuwa. Mata suna cewa babu namijin da zai auri wadda farcenta ba ya rabuwa da laka. Ba ta taɓa sauke kanta don wannan ba.

Da kogin ya ƙafe, Tsahara ta kasa zama. Ta bi busasshiyar hanyarsa ta yi arewa, ta wuce gonaki, ta wuce iyakar da makiyaya ke juyawa, ta shiga Kwazazzabon Iskoki, wurin da aka haramta wa kowa takawa. Can ta ga abin da take tsoro. Gefen tsauni ne ya zabtaro, duwatsu da ƙasa da itatuwa suka toshe bakin kwazazzabon. A bayansu ruwa ya taru, iya ganinta ruwa ne, kuma yana tsiyaya ta jikin toshiyar a wurare da yawa.

Ba ta nufi fada kai tsaye ba, don mace ba ta shiga majalisa sai wani babba ya gabatar da ita. Ta je wurin Galadima Barmo, ƙanen mahaifin sarki, wanda ya yi abota da kakanta. Ya sa aka shimfiɗa mata tabarma, ya kira ta 'yata, ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba. Sannan ya shiga tambaya. Ya tambayi ina ruwan zai bi idan toshiyar ta fashe, da iya inda zai kai a jikin kwarin, da ko zai taɓa ganuwar birni, da ko mai doki zai iya tsere masa. Ta gaya masa birni na kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse mai tudu, ba abin da zai same shi, amma duk wanda ke cikin kwari, ko tsuntsu ne sai ya yi da gaske. Ya tambaya ko toshiyar za ta jure har ƙarshen damina. Ta ce ko ruwa biyu masu ƙarfi ba ta jin za ta jure.

Galadima ya jinjina kai ya ce gobe zai gabatar da ita da kansa. Tsahara ta fito tana jin an sauke mata kaya, don tun da take ba a taɓa yi mata tambayoyi masu kyau irin waɗannan ba.

Washegari majalisa ta cika. Sarki Ranau na kan karaga, Madawaki da Barde da Sarkin Baka da sauran masu sarauta kowa a mazauninsa. Tsahara ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta kwance ƙullin da ta zo da shi, ta zube tsakuwa masu santsi da yashi da wani kan mashi mai tsatsa.

Ta ce waɗannan daga gaɓar kwari ta ciro su. A jikin gaɓar akwai hawa guda na yashi da tsakuwa da ya fi tsayin mutum, a cakuɗe da ƙasusuwan mutane da na dawaki. Takobi ba ya binne mutum da dokinsa a cikin yashi. Ruwa ne ke yin haka. Kogi ya ƙafe a zamanin Garzo saboda an toshe shi a sama, sannan ya ɓalle ya cinye abokan gaba. Yanzu ma abin da ke tafe ke nan.

Barde, dattijo mai tabon sara a goshi, ya leƙa tsakuwar ya ce, "Wannan farar ce ta gaya miki, ko baƙar? Kin dai tambaye su lafiyar iyali ko?"

Majalisa ta yi dariya. Tsahara ta jira har suka gama.

"Ranka ya daɗe, tsakuwa ba ta cin tuwon fada. Ba ta da dalilin yi wa kowa daɗin baki."

Dariyar ta tsaya. Sankira ya miƙe ya ce tun kakanninsa ake rera waƙar Garzo, ba a taɓa jin ruwa a cikinta ba, kuma wanda ya ce ruwa ne ya ci yaƙin ya ce ke nan Garzo ba jarumi ba ne. Sarkin Baka Nomau, shugaban maharba, ya ce ba ya ganin laifi a aika mutane su dubo kwazazzabon. Sarki ya juya ga Galadima, don shi ya kawo ta.

Galadima ya gyara zama, ya yi magana a hankali.

"Allah ya ja zamanin Zaki. Na kawo ta ne don kunnuwanku su ji abin da nawa suka ji, kada a ce tsoho ya yi wa marainiya ƙazafi. Ta taka Kwazazzabon Iskoki, da bakinta ta faɗa. Wanda ya taka wurin nan ba ya dawowa da hankalinsa. Idan muka aika wasu, mun ƙara wa kanmu mahaukata a ranar da muke bukatar mayaƙa. Idan kuma dakaru suka ji sarki na tsoron kwarin kakansa, an ci mu tun ba a zare takobi ba."

Tsahara ta dube shi, ya kau da ido. A nan ta gane me ya sa ya tambaya ko ruwan zai taɓa ganuwar birni.

Ta ɗaga murya ta ce Galadima ya fi kowa yarda da maganarta, shi ya sa yake so sarki ya sauka kwari. Dogarai suka rufe mata baki. Galadima ya ce ga haukar nan ta fara fitowa fili. Ya ba da shawara kada a zubar da jinin jikar amininsa, a dai tafi da ita a ɗaure ta a jikin Dutsen Garzo, ta ga nasara da idonta, ta dawo ta ba majalisa haƙuri. Shi kuma, tunda tsufa ya hana shi hawa, zai zauna ya tsare birni. Sarki ya amince da duka biyun.

Rundunar Garzau ta sauka kwari ana yayyafi. Aka kafa tuta, aka zagaya igiya a ƙugun Tsahara da jikin dutsen, aka ɗaure hannayenta ta baya. Mazaurawa sun yada zango a bakin kwarin ta kudu, suna jiran sauran mutanensu, don haka aka shiga zaman jira.

Zaman ya yi tsawo. Rana ta buge ta, ruwa ya jiƙa ta, ya bushe a jikinta, wani ya sake jiƙa ta. Igiyar da ta sha ruwa ta ƙara tsukewa ta yanke mata fata, ƙudaje suka samu wurin. Dakaru masu wucewa na tambayarta ko ruwan nata ya kusa, wai suna so su yi wanki. Wani ya ajiye mata tsakuwa a ƙwarya ya ce ta ci da 'yan uwanta. Ba ta roƙi kowa ba, ba ta yi kuka a gabansu ba. Idan ƙafafunta suka gaza sai ta jingina kumatunta da dutsen, tana kallon arewa inda hadari ke ta taruwa, tana lissafin ruwan da ke sauka a kan tsaunuka. Ko da ta rufe ido, toshiyar nan take gani tana tsiyaya.

Da yake fuskarta na manne da dutsen, sai ta fara ganinsa yadda ba ta taɓa gani ba, don a da ba a taɓa barin ta ta kusance shi ba. Baƙi ne wuluk, da jijiyoyi farare a jikinsa. Duk kwarin kuwa jan dutse ne mai murmushewa. Ta san inda ta taɓa ganin irin wannan: a ƙwanƙolin Tudun Kwatarma, wanda ke tsaye a gabashin kwarin, kuma a can akwai wani gurbi a bakin gangare kamar inda aka cire haƙori. Ta fara tona yashin gindin dutsen da dugaduganta. Ta tona har fatar ta saɓule. A ƙarƙashin dutsen, a danne, ta taɓa ƙarfe. Bakin garkuwa ne, da ƙashin hannu a cikin madaurinta.

Da hantsi Sarki Ranau ya zo dafa dutsen kamar yadda al'ada ta tanada, Sankira da Barde da Sarkin Baka na biye. Ya dube ta ya ga leɓunanta sun tsage, ya tambaya ko ta shirya janye maganarta don ya sa a kwance ta.

Ta ce ba ta janye ba. Roƙonta ɗaya ne, Sankira ya rera baitin da Garzo ya dafa dutse.

Sankira ya dubi sarki, sarki ya ɗaga masa kai. Ya rera: Garzo ya dafa dutse, ya waiwaya ya ga hayaƙin gidansa, ya ce ba mai shiga.

"Ranka ya daɗe, ga ka dafe da dutsen. Waiwaya. Ina hayaƙin gidanka?"

Sarki ya waiwaya. Gaɓar kwari ce kawai a bayansa, ja, mai tsawo. Ko kan ganuwa ba a hangowa daga nan.

Ta nuna masa ramin da ƙafarta. Ta ce dutsen da mutum ya dafa kafin yaƙi ba ya danne gawar wanda aka kashe a yaƙin. Bayan ruwa ya wuce ne ya ci gindin tudu, dutsen ya gangaro ya zauna a kan matattu. Waɗanda suka zo daga baya suka same shi a kwari, suka ɗauka a nan ya tsaya tun farko. Waƙar ba ta yi ƙarya ba. Garzo ya dafa wannan dutse, amma a saman Kwatarma ya dafa shi, kuma gurbinsa na nan.

Barde ya ce wannan dabarar matsorata ce, a yi gudu a sa masa sunan tarihi. Sarkin Baka ya bar su nan. Ya taka zuwa tsakiyar busasshen kogin, ya tsuguna, ya dawo da abu a tafinsa. Wani siririn ruwa ne ya fara bin yashi, ja kamar kunun kanwa, yana ɗauke da ɗanyun ganyaye da ɓawon itace sabon karyewa. Ya ce shi maharbi ne, ya san itatuwan dajin nan, wannan ganyen a cikin tsaunuka kaɗai yake fitowa.

Sarki ya daɗe yana kallon ƙashin hannun nan. Kowa ya san abin da ke kansa. Idan ya gusa kuma ruwa bai zo ba, ya rasa sarauta da mutunci a rana ɗaya, kuma maroƙa za su riƙa ambatonsa da gudu har jikokin jikoki.

"Doka ta ce in tsaya inda kakana ya tsaya," in ji shi. "Ba ta ce in tsaya inda dutse ya faɗi ba. A cire tuta."

Barde ya durƙusa ya ce a gindin dutsen nan ubansa ya mutu, a nan kakansa ya mutu, shi ba zai koyi sabon wuri da furfura ba. Sarki ya umarce shi, ya roƙe shi, ya ƙi. Wasu dattawan mayaƙa suka ja suka tsaya tare da shi. Da aka yanke igiyar ƙugun Tsahara ta faɗi, Barde ne ya ɗaga ta, ya ɗora ta a kan alfadarin kaya, ya ce wa mai jan shi ya kula da ita, bakinta ne kawai ba shi da kyau.

Hawan Kwatarma ya yi wuya. Gangaren na da santsi, dawaki na zamewa, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mazaurawa suka hango tutar Garzau na barin dutse, abin da ba a taɓa gani ba, suka yi shewa, suka kwararo cikin kwarin gaba ɗaya don kada ganima ta kuɓuce musu. Daga sama ana ganin Barde da 'yan mutanensa sun kewaye dutsen, ana ganin yadda taron ya rufe su.

Dakarun Garzau suka fara gunaguni. Wasu na cewa an bar dattawa an gudu saboda maganar mahaukaciya, wasu sun fara juya dawakinsu za su koma. Madawaki na ta zagayawa yana tare su. Tsahara na zaune a kan alfadari, hannayenta har yanzu a ɗaure, tana jin yadda idanu ke ƙaruwa a kanta. Ba ta kalli kowa ba, arewa take kallo.

Ƙasa ce ta fara rawa kafin a ji ƙarar. Dawaki suka yi haniniya suna ja da baya. Sannan ruwan ya fito daga bakin kwarin ta arewa, ja, tsayinsa ya fi na ganuwa, yana tura itatuwa da saiwoyinsu a gabansa. Mazaurawa na gaba suka juya, suka ci karo da na bayansu. Ba a ji ihunsu ba saboda rugugin. Cikin ɗan lokaci babu tuta, babu doki, babu Dutsen Garzo, sai ruwa daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Babu wanda ya yi guɗa a kan tudun. Sankira ya buɗe baki zai yi kirari, ya dubi inda Barde ya tsaya, ya rufe. Sarki ya je ya tsaya a bakin gurbin da Tsahara ta faɗa, ya waiwaya, ga birni can, ga hayaƙin gidaje na tashi. Ya zare wuƙarsa ya yanke igiyar hannunta da kansa.

Suna nan tsaye iska ta kawo wani sauti daga birni. Tambari ne, babban gangan sarauta, wanda ba a kaɗa shi sai ranar da aka naɗa sabon sarki. Aka saurara ko kunne ne, sautin ya sake zuwa, a jere, babu gaggawa. Ashe Galadima ya sa masu gadi a kan ganuwa su jira rugugin ruwa, kuma bai ga dalilin jiran gawar sarki ba kafin ya hau karaga.

Madawaki ya ce a hau yanzu a tafi. Sarkin Baka ya nuna masa ƙasa. Ruwan ya fita daga kwarin ya malale fadamar da ke tsakanin tudun da birni, hanya ta nutse, kuma ba alamar zai janye da wuri. Kafin ya janye, hakimai sun gama mubaya'a, an rufe ƙofofi, iyalan duk wanda ke kan tudun nan suna hannun Galadima.

Sarki Ranau ya juya ga Tsahara. A gaban masu sarautarsa ya kira ta Malama, ya tambaye ta ko ƙasa ta bar musu wata hanya.

Ta ce akwai. Wannan baƙin dutse da suke kai bai ƙare a nan ba, ya miƙe kamar ƙashin baya ta yamma da fadama, shi ne fan da aka gina birni a kansa, yana ɓullowa a bayan marina inda ganuwa ta fi gajarta. Ruwa ba zai hau shi ba. Amma wani wurin faɗinsa bai wuce tabarma ba, kuma doki ba ya bin sa.

Madawaki ya ce Sarkin Garzau ba ya shiga birninsa a ƙasa, ba a taɓa yi ba.

Sarki ya sauka daga kan dokinsa, ya miƙa linzami, ya tuɓe alkyabba ya naɗe ta ya ba dogari. Masu sarauta suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Tsahara ta yagi gefen zanenta ta naɗe dugaduganta, ta miƙe, ta gwada taka ƙasa, ta ciji leɓe. Sarkin Baka ya ce a ɗauke ta a kafaɗa, ta ce wanda aka ɗauka ba ya jin inda dutse ke motsi.

"Ranka ya daɗe, inda na sa ƙafa nan za ka sa taka. Kada ka wuce gabana."

Ta kama hanya, Sarki na bayanta, runduna ta biyo su a layi ɗaya, tambari na ta kaɗawa a birnin da suka nufa.